Wasiƙun da Babu Sunan Inna

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Ana cewa Baba ya samu aiki a Jidda yana saurayi, ya sa ƙafa ya shure, ya dawo Doguwa yana shaƙar alli, ga abokan karatunsa can sun gina benaye a Kano. Wasu a dangi ma cewa suke jarrabawa na faɗi, kunya ta hana ni faɗa. Ban faɗi jarrabawa ba, takardar tana cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, mai so ya duba. Aikin kuwa gaskiya ne, na ƙi shi da hankalina. Dalilin bai wuce kwana biyu da na yi a wani ƙauye a bakin kogin Nilu ba, kuma tunda ƙarfina ya fara ja da baya, gara in rubuta muku da hannuna kafin wani ya ba ku labarin a karkace.

Sai na fara da Inna, kakarku, domin ku kun same ta ta tsufa ta yi laushi, tana goya ku tana lasa muku man shanu, ba ku san ta a matsayin uwar ɗan fari ba. Ni ne ɗanta na fari. Mutanenmu na gefen Falgore Fulani ne da suka daɗe da zama, rabin ƙarfinsu a bayan shanu rabi a gonar dawa, Hausa a kasuwa Fulatanci a ɗaki, amma kunyar ɗan fari ba su rage mata ko ƙwaya ba. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata Hansatu, "Kai wa wancan." In na shigo tsakar gida sai ta juya ta kama wani aiki. Akwai wani mai tallar gishiri da ke zuwa daga Tudun Wada, sunansa Sa'idu irin nawa, shekara da shekaru tana ciniki da shi ba ta taɓa kiransa da komai ba sai "mai gishiri". Na san al'ada ce, kowa ya sani, da an tambaye ni da na yi bayani tiryan-tiryan. Amma abin da kai ya sani ba lallai zuciya ta karɓa ba. Ina kallo tana tsefe wa Hansatu kai, tana zagin ƙannena maza da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har zagin nake sha'awa.

Ranar da zan tafi Kartum karatun Larabci gidanmu ya cika. Baffa, mahaifina, ya yanka akuya, dangi sun zo daga Doguwa, mata sun cika tsakar gida suna taya aiki. Da motar Kano ta tsaya a bakin titi kowa ya fito rakiya, tsofaffi suna tofa mini addu'a a ka, Hansatu tana kuka kamar gawa aka ɗauko. Inna kuwa tana bayan ɗaki tana daka. Na zagaya na durƙusa na ce mata zan tafi. Taɓarya ba ta tsaya ba.

"Allah ya tsare," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Tun daga Falgore har Kano maganar nan nake taunawa. Na ce a raina, mutum zai ƙetare ƙasashe, ba a san ranar dawowarsa ba, amma gero ya fi shi samun kulawa. Kafin jirgi ya tashi na riga na yanke shawarar da na fi jin kunyarta a duk rayuwata.

Da ajami nake rubuto wasiƙa, ta akwatin gidan waya na wani malamin makaranta a Tudun Wada, ranar kasuwa a kai wa Baffa. Na san yadda ake yi da ita in ta iso. Bayan la'asar Baffa zai shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya sa a kira kowa, ya karanta da ƙarfi yana bin layi da yatsa. To sai na riƙa jera gaisuwa kamar mai kiran suna a aji. A gaida Baffa, a gaida kawunnai da goggonni, a gaida Hansatu da yara, a gaida liman da maƙwabta, har bajimin Baffa mai karyayyen ƙaho na taɓa tambayar lafiyarsa. Inna ce kaɗai ban sa ba. Ina gaya wa kaina wai kara nake mata, tunda ba ta son a haɗa ta da ni a gaban mutane. Ƙarya nake yi wa kaina, ramuwa ce kawai irin ta yaron da gemu ya riga hankali fito masa. Wasiƙa bakwai na rubuta cikin shekara biyu da rabi, duka haka suke.

A shekarar ƙarshe wani malaminmu da ke ji da ni ya samo mini aikin koyarwa a Jidda, a makarantar 'ya'yan mutanenmu mazauna can, da ɗaki da komai. Sharaɗin shi ne in na gama in wuce kai tsaye daga Kartum, kuma sai na yi shekara biyar kafin a yi maganar zuwa gida. Ranar Laraba ya ba ni takarda ya ce in sa hannu in mayar masa ranar Asabar. Ban wani yi dogon tunani ba. Wa zan koma wa? Baffa yana da 'ya'ya maza huɗu a gabansa, Hansatu an kusa kai ta ɗakinta, Inna kuwa a ganina ko ta ji na tafi bangon duniya ba za ta ajiye taɓarya ba. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, ina jiran Asabar.

A ranar ne Siddiƙu ya tare ni. Siddiƙu abokin ɗakina ne, dogo baƙi, in yana dariya har gadon yake girgiza. Basudane ne, amma daga cikin waɗanda ake kira Takari, jikokin mutanenmu da suka tafi hajji a ƙafa tun zamanin da, suka zauna a hanya ba su dawo ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce an barbaɗa mata Larabci, kullum ina yi masa tsiya a kanta.

"Ya Sa'idu," in ji shi, "wallahi ba za ka bar Sudan ba ka ga Habboba ba." Habboba ita ce kaka a bakinsu. "Kullum tana cewa in kawo mata Bahaushe na gaskiya ta ji ko har yanzu ana magana daidai."

"Ai ni Bafulatani ne."

"Duk ɗaya ne a wurinta. Akwai tuwo da miyar kuka."

Maganar tuwon ce ta ci ni. Shekara biyu da rabi ina cin wake da burodi safe da yamma, ko mayen wake ne ya gaji.

A can Juma'a ce ranar hutu, don haka muka tsallake darasin Alhamis muka kama motar safe. Muka bi gonakin auduga shimfiɗe har iyakar gani, ba tudu ba dutse, sai magudanan ruwa a miƙe. Ni da na tashi ina buɗe ido a kan duwatsun Doguwa, sai na ji ƙasar ta yi mini tsirara. Muka wuce Madani, muka sauka a Sinnar, muka hau bayan wata tsohuwar akori-kura tare da buhunan albasa. La'asar sakaliya muka shiga ƙauyen. Ina cikin kakkaɓe riga sai na ji wata mata daga bayan danga ta ɗaga murya ta ce, "Ke Ladi, miƙo mini ludayin nan!" Na waiga da sauri. Ga rumbuna, ga zana, ga turmi a kife a ƙofar gida, ga ƙamshin daddawa. Da ba don kogin da ke sheƙi a can ƙasa ba, da na rantse wani ƙauyen Kiru aka sauke ni.

Mahaifiyar Siddiƙu haihuwar can ce, ta tashi da ɗabi'ar mutanen ƙasar. Tana jin muryarsa ta fito a guje ba takalmi, ta rungume shi a tsakiyar hanya, tana shafa kansa tana sumbatar goshinsa, tana kiran sunansa ba ƙaƙƙautawa, "Siddiƙ, Siddiƙ, ɗana," kamar daga yaƙi ya dawo, alhali wata biyu kacal ya yi. Kuma shi ma ɗan fari ne, na sani. Na tsaya riƙe da jaka ina kallon takalmina. Ban taɓa jin hassada irin ta ranar ba, kuma ban ɓoye ta da kyau ba.

Habboba tana zaune a kan gadon igiya a inuwar ɗaki, 'yar ƙaramar tsohuwa, da tsagar gado a kumatu. Ita ce ta haifi mahaifin Siddiƙu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe ta yadda ake yi a gida, ta bar ni na kai ƙarshen gaisuwar tana lumshe ido kamar mai shan fura.

"Kai, madalla," ta ce. "Sake tambayata gajiya, in ƙara ji. Waɗannan jikokin nawa gaisuwarsu kamar ana korarsu. Daga ina mijin nawa?"

"Daga Falgore, Hajiya, ƙasar Kano."

"Bafulatanin daji ke nan. Shi ya sa ba nama a jikinka. Ka san Dangora?"

Na ce mata a Kwanar Dangora muke sauka mu canza mota in za mu gida. Ta dafe ƙirji. Ita 'yar Dangora ce. Ba ta san an yi kwana ba, ba ta san an yi kwalta ba, ita dai ta san wata tsamiya a bakin kasuwa da ake ɗaure jakuna, ta tambaye ni ko tana nan. Ban taɓa shiga cikin garin ba, amma na ce tana nan, Allah ya yafe mini. Muna cin tuwo ta ba ni labari. Tana amarya mijinta ya ɗaura niyyar hajji, suka fito da jaki ɗaya. Shekara bakwai suna tafe, in damina ta same su su tsaya su yi ƙodago a gonar mutane, in kaka ta yi su ƙara gaba. A hanya ta haifi ɗanta na fari. Suka sauke farali, suka juyo.

"Da muka iso nan sai maigidana ya ce mu huta damina ɗaya," in ji ta. "To ka gan ni, har yanzu hutawar nake."

Washegari bayan shayi Siddiƙu ya ce al'adar gidansu ce, baƙon da ya kwana ranar Juma'a sai an kai shi ziyara. Aka ɗaura wa jaki amalanke, aka shimfiɗa wa Habboba tabarma a kai, ni da Siddiƙu muna biye a ƙafa. Muka fara da tsohon masallacin da alhazan farko suka gina, ginin ƙasa mai kaurin bango, rufin azara irin namu sak. Habboba ta nuna mini kusurwar gabas ta ce mijinta ne ya ɗora tubalinta, ita kuma da kanta ta ɗebo ruwan kwaɓin daga kogi, don haka in zan yi nafila in yi a nan, ladan ya fi kusa da gida. Na yi raka'a biyu a wurin. Ƙamshin ƙasar da jemagu irin na masallacin garinmu ne, har na daɗe a sujada fiye da yadda na yi niyya.

Daga nan muka bi bakin kogi zuwa ƙubbar wani shehi da mutanen yankin ke girmamawa, farin gini mai tulluwa, da korayen tutoci suna kaɗawa. Mutane maƙil, maza da mata, wasu na karatu, wasu na shafa bango suna shafawa a fuska, wata mata tana ƙulla ƙasar wurin a bakin mayafi. Ku tuna lokacin ina ji da sabon karatu, kaina cike da hujjoji, bakina yana ƙaiƙayi. Habboba ta dube ni ta gefen ido.

"Malam ya tsuke baki," ta ce wa Siddiƙu. "Kai, mijina, yi wa bawan Allah sallama ka yi masa addu'a. Wannan dai littafinka bai hana ba. Sauran ka bar mana, mu da Allah."

Na yi dariya ban shirya ba, na yi sallamar na yi addu'ar. Na ɗauka ziyara ta ƙare ke nan. Sai ta sa aka juya jakin zuwa maƙabartar da ke bayan ƙubbar. A wurinmu mata ba sa shiga maƙabarta, a can kuwa suna zuwa. Siddiƙu ya sauke ta, ta karɓi butar ruwa, ta tafi ita kaɗai tana dogara sanda, ba ta ko duban hanya.

"Kabarin babana ne," in ji Siddiƙu a hankali. "Shekara huɗu ke nan. Shi ne wanda ta haifa a hanya."

Ta zauna a ƙasa dirshan a gefen kabarin. Ta tsince busasshiyar ciyawa, ta yayyafa ruwa, ta daddaɓe ƙasar da tafin hannu yadda ake lallaɓa yaro. Sannan ta buɗe baki.

"Bashir. Bashiru. Ni ce, na zo."

Ta yi masa addu'a, sannan ta shiga ba shi labarin gida kamar yana zaune. Bashir, akuyar nan ta haifi biyu. Bashir, ƙafar tawa da sauƙi. Bashir, ɗanka ya kawo mini baƙo daga ƙasarmu, ya ce tsamiyar tana nan. Kowace magana sai ta sa sunan a gaba, wani lokaci ma ba maganar, sunan kawai. Na juya na ga Siddiƙu, sarkin dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Yana da rai ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba," ya ce. "Ko sau ɗaya. 'Wancan' take cewa."

Da ta gama muka zauna a gindin wata aduwa ta huta kafin a koma. Ta sha ruwa, ta goge baki, ta kafe ni da ido.

"Kai ɗan fari ne."

"Yaya aka yi kika sani, Hajiya?"

"Na ga idonka jiya da uwar wannan ta rungume shi. Kamar mai azumi a bakin rijiya."

Ban san abin da ya kwance mini baki ba. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba na zazzage mata shi, tun daga "kai wa wancan" har ranar tafiya da taɓaryar da ba ta tsaya ba. Ina jira ta tausaya mini. Sai ta tambaye ni me Inna take dakawa. Na ce gero.

"Ranar da gida ya cika da mata masu taya aiki, uwar gida ce za ta rasa mai yi mata daka?" Ta girgiza kai. "Yaro, ta rasa inda za ta sa hannunta ne. In taɓaryar ta tsaya, za a ji abin da take ɓoyewa. Kana rubuta mata?"

"Ina rubuta wa gida."

"Ban tambaye ka gida ba."

Na sunkuyar da kai na gaya mata gaskiya, har da bajimin. Siddiƙu ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskar kakarsa ya haɗiye. Ta shiga tona ƙasa da bakin sanda.

"Wancan da ke kwance," ta ce, sai ta tsaya ta gyara, "Bashir, ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa. In wasiƙarsa ta zo ubansa ya tara gida, ni ba na zama. Ina ni ina zama a ji labarin ɗan fari? Sai in ɗauki faifai da dawa in koma bayan zana ina tsintar tsakuwa. Dawar nan ba tsakuwa a cikinta, na riga na tsince tun jiya. Layi ɗaya nake jira, inda zai ce a gaida Inna. In na ji shi sai in tashi in shiga ɗaki. Layin nan nake ci har wata wasiƙar ta zo. Sau nawa ka rubuta?"

"Bakwai."

Ta lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya har bakwai, ta riƙe su a gabana.

"Sau bakwai tana tsaye a bayan zana har ubanka ya ninke takarda. Ita kunya aka ɗora mata tun tana yarinya, ba ita ta zaɓa ba, kuma in ta sauke a zage ta a zagi uwarta. Kai wa ya ɗora maka?"

Siddiƙu, wai don ya cece ni, sai ya ƙara jefa ni. Ya ce ai Habboba ba ki sani ba, Jidda zai wuce, aiki ya samu, shekara biyar kawai.

"Mu ma damina ɗaya muka ce," in ji ta. Ta miƙa sandar wajen kabarin. "Ka ji ni ɗazu, na samu bakin kiran nawa. Ka kuma ga inda na same shi."

A masallacin Juma'a ban ji ko kalma ɗaya daga huɗubar liman ba, ni da na zo ƙasar don Larabci. Zanar gidanmu kawai nake gani, da wurin da ta ɓule kusa da rumbu, da ƙafafun Inna a ƙarƙashinta. Da muka dawo na nemi takarda da alƙalami a wurin mahaifiyar Siddiƙu, na zauna a inuwar rumbu na rubuta wasiƙa ta takwas. Ban iya wani dogon zance ba. Bayan bismilla na rubuta, "Gaisuwa ta farko ga Inna. A gaya wa Inna ina lafiya, ina cin abinci. A gaya wa Inna ta yafe mini." Sannan na jero sauran mutane. Da za mu tafi da asubar Asabar Habboba ta ƙulla mini kuka da daddawa a tsumma, ta ce in na bi ta Dangora in gaida tsamiya, in kuma na sake aka yi mata kishiya ba da saninta ba sai ta biyo ni a ƙafa, ta san hanya. Ban sake ganinta ba. Siddiƙu ya rubuto mini rasuwarta bayan shekara uku.

Da yammacin Asabar ɗin na sami malamina na miƙa masa takardarsa ba sa hannu. Ya duba gaba ya duba baya, ya ce ko na manta ne. Na ce gida zan koma. Ya ce wane aiki ke jirana a gida, na ce babu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya sa bakinsa a maganar, kuma har na bar ƙasar gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Wannan ya dame ni, mutumin kirki ne. Wani ɗan ajinmu aka ba wurin. Kada ku ɗauka ban taɓa jin zafin abin ba. Na ji, musamman shekarun da albashi ke makara, kuna ƙanana, ina tura babur ɗin da ba mai daga makaranta zuwa gida. Kuma lokacin da na ƙi aikin ba ni da tabbacin komai. Amsar wasiƙar ba ta zo ba har na gama jarrabawa. Yana iya yiwuwa tsohuwar ta auna Inna da zuciyarta ne kawai, in koma in tarar ba haka ba ne.

Da damina na iso, dawa ta kai gwiwa. Hansatu ce ta fara hango ni daga bakin titi, ta zo a guje ta karɓi jaka. Kafin mu kai gida na tambaye ta ko wasiƙata ta ƙarshe ta zo.

"Ta zo, Hamma," ta ce, wato yaya da Fulatanci. "Baffa ya fara karantawa sai ya tsaya, ya yi tari, ya sake karantawa daga farko. Sai muka ji ƙwarya ta faɗi a bayan zana. Da na leƙa, wake ne a warwatse, Inna kuwa ta yi wajen shanu. Ba ta dawo ba sai da aka kira magariba."

"Dama a nan take tsayawa?"

Hansatu ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum.

"Kullum. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Gida ya rikice da murna. Na gaida Baffa, na gaida kawunnai, yara suna ja mini riga. Inna ba ta cikin masu tarya, kuma wannan karon ban nema a cikinsu ba. Na zagaya bayan ɗaki. Tana zaune a kan tabarma ta ba ƙofa baya, da gorar nono a cinyarta tana girgizawa don fitar da mai. Ta rame, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Na cire takalmi na durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, na same ku lafiya?"

"Lafiya."

Ba ta juyo ba. Gora tana ta kai da kawo. Daga garke ina jin kukan maruƙa. Can sai ta yi magana, ƙasa-ƙasa, gorar take kallo.

"Yaushe za a koma?"

"Ba komawa, Inna. Na dawo ke nan."

"To," ta ce.

Ta ci gaba da girgiza gora, sai dai yanzu kafaɗunta ma suna girgiza, ta ja bakin mayafi ta rufe gefen fuskarta da ke wajena. Hansatu ta zo da ruwa a kwano, ta tsaya ta saurari ƙarar gorar.

"Inna, ai man ya haɗu tun ɗazu."

"Na sani," in ji Inna. "Bar ni."

Hansatu ta ajiye ruwan ta tafi. Ni kuwa na gyara zama a ƙasa. Ba ta tashi ta kama wani aiki ba, ba ta ce in tafi ba. Muna nan zaune, tana kaɗa nonon da ya riga ya kaɗu, har rana ta faɗa bayan dutse.